Ƙafar Yaya Lawali Tana Wurin Baduku

Ranar Talata ce, ƙarshen damina. Hatsi ya fidda kai, ya fi kowane namiji na garinmu tsawo. Na yi sallar asuba, na hura wuta, na ɗora kaskon gyaɗa. Ƙuli-ƙuli nake yi, shi nake kaiwa kasuwar Gidan Rumji. Ƙauyenmu yana kudu da gulbi, iyaka kuma tana kudu da mu, ba nisa ga mai babur.

Ƙarfe shida da rabi na kai wa Yaya Lawali kunu a zaure. Na san lokacin domin shi ya faɗa mini. Komai nasa da agogo ne. Ko kunu aka miƙa masa sai ya duba hannunsa, kamar akwai wanda zai tambaye shi rahoto.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekara goma sha tara a soja, ya kai sarjan. Can gabas motarsu ta taka nakiya, ƙafarsa ta hagu ta tafi daga saman gwiwa. Ya dawo gida da ƙafar roba, da lambar girma, da usur, da agogon nan. Matarsa ta riga ta rasu, ba su da ɗa. Mijina Isuhu ya ba shi zauren gidanmu.

Ran nan ƙafar ba ta jikinsa. Maɗaurin fatar da ke riƙe ta a ƙugu ya tsinke tun farkon damina. Sau biyu ya hau bayan motar kasuwa zuwa wani buro, ofishin gwamnati a birni, don a gyara masa, sau biyu aka ce ya dawo wani watan. Sai na naɗe ta a zane na kai wa wani baduku a kasuwa. Kasuwa uku ina leƙawa, yana ce mini mako mai zuwa. Ina ganin ta rataye a bayan rumfarsa, shi kuma yana ɗinka takalman masu biki. Ban matsa masa ba. Na bar faifaina a rana, ina gudun ciniki ya wuce ni. Wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Sau ɗaya a shekara ake tunawa da Yaya. Ranar bikin 'yancin kai, da ake dashen itace, sai a aiko mota. A zaunar da shi a kujerar gaba, a ba shi ɗan itace ya sa a rami, a ɗauki hoto, a tafa. Da yamma ya nemi kabu-kabu ya dawo da kansa. Sauran kwanakin shekara, a gabansa Sarjan ne, da ya ba da baya ya zama Guntu. Ran da ya dawo daga buron nan hannu wofi na tambaye shi abin da ƙasar nan ta ba shi. Ya ce shi ba ciniki ya je yi ba. Na ji haushin amsar a lokacin, har yanzu kuma ina ji.

Da aka fara kai hari ƙauyukan da ke kusa da mu, ya nemi maza su saurare shi. Ba su samu lokaci ba. Sai ya tara mu mata a bakin rijiya. Ya buɗe wata kafa a shingen ƙaya na arewacin gari, inda gonaki suka faro, ya rufe ta da tsohon zana. Ya ce busa biyu gajeru, kowa ya nufi kafa. Busa ɗaya doguwa, kowa ya kwanta. Busa uku, a tashi a ci gaba. Ya nuna mana yadda na ƙarshe zai yi: ya share sawu da reshe yana ja da baya, ya fita, ya jawo zanan daga waje. Lokacin ƙafarsa ta roba lafiya lau, a minti biyu ya gama. Sau ɗaya muka gwada. Mun yi dariya har da riƙe ciki. Maza suka ce kewar bariki ce ta dame shi, ya rasa sojoji ya samu matan mutane. Ni ma na yi dariyar.

Ƙarfe bakwai saura kwata aka yi kuwwa daga kudancin gari. Shanun mai gari guda tara ba sa turke. An yanke igiyoyi. Sawu yana nan ɓaro-ɓaro a kan laka, ya nufi kudu maso gabas.

A wurinmu idan aka saci dabba, ba mai ita kaɗai aka yi wa ba. Duk namijin da ya isa riƙe fartanya sai ya fita bin sawu. Wanda ya zauna, matarsa ba za ta ɗaga kai a bakin rijiya ba, kuma ran da aka ɗauki tasa ba wanda zai motsa. Haka muka tarar, haka kuma shanu da yawa suka dawo a zamanin iyayenmu.

Yaya ya ɗauki sandarsa ta hammata ya nufi turken. Abin da mutum ke yi a minti uku ya ɗauke shi kwata. Na bi shi da tabarya a hannu, ban ma san na riƙo ta ba. Ya tsaya ya dubi ƙasa. Ya ce ɓarawon shanu ciyawa yake bi ya ɓoye sawu, waɗannan kuwa tsakiyar laka suka bi. Ya ce sun kwance tara sun bar sama da ashirin a ɗaure. Ya ce shekaranjiya wani baƙo ya saye burodin shagon Alhaji Tanko kaf, da duk kwalaben mai. Sannan ya ɗaga murya.

"Wanga tarko na. Kar ku tahi duka. Ku bar rabi gida."

Babban ɗan mai gari yana ɗaura ɗamara. Ko juyowa bai yi ba.

"Sarjan, bin sawu sai mai ƙahwa biyu."

Aka yi dariya. Isuhu bai yi ba, amma ya tafi.

Ƙarfe bakwai da rabi suka fita, da sanduna, da kwari da baka, da bindigogin toka uku. Maza huɗu suka rage a gari: liman, wanda ya tsufa tukuf, da wani dattijo makaho, da Alhaji Tanko mai shago da ya ce bayansa na ciwo, da Yaya.

Bai koma zaure ba. Ya je ya ce wa Alhaji Tanko ya ɗaura jaki a amalanke ya bar shi a shirye. Amalanke ba ya shiga kafar shinge, sai dai ya bi hanyar yamma zuwa mashigin gulbi. Ya lissafa masu hawa: tsofaffi mata biyu, liman, makaho, da Hinda maƙwabciyarmu da ta haihu kwana huɗu. Shi ne na ƙarshe, a biyo ta bakin kafa a ɗauke shi. Daga nan ya je ya zauna a gindin shinge, usur a wuya.

Ni kuwa na koma kan gyaɗata. Ina murza ina ce wa raina yau ma sai mun sha surutun mata a rijiya saboda shi.

Ƙarfe goma saura ashirin na ji ƙara. Na ɗauka injin niƙan ƙauyen gaba ne. Sai na ji ba ɗaya ba ne, kuma yana matsowa. Babura ne, daga kudu maso yamma, ba ta inda maza suka bi ba. Sai usur. Biyu, gajeru.

Na goya Nana, autata. Na ja manyan 'ya'yana biyu. Na ɗauki salula na soke a zane. Kasko na bar shi a kan wuta.

A bakin kafa Yaya yana tsaye a ƙafa ɗaya, ya jingina da turken shinge, sanda a hammata. Duk wanda zai wuce sai ya taɓa kansa ya ƙidaya. Muryar da ya yi amfani da ita ban taɓa jin ta a zaure ba.

"Ku duƙa! Ɗaya-ɗaya!"

"Aje kwanon ga!"

"Saki akuya!"

"Kar wadda ta bi hanya! Cikin hatsi, arewa!"

Ba wadda ta yi musu. Matar mai gari ta jefar da ƙullin kayanta ta duƙa kamar kowa. Ni ce ta ƙarshe. Ya kama wuyan hannuna.

"Sittin da huɗu, har ke. Ƙidaya bakin gulbi. Tahi."

Na ce masa amalanke fa. Ya nuna yamma da haɓa. Na ji ƙarar ƙafafun amalanke da gaske, da muryar Alhaji Tanko yana kora jaki. Na duƙa na shige.

Ƙarfe goma daidai aka yi harbin farko. Usur ya biyo, ɗaya, dogo. Muka zube a tsakanin layukan hatsi, fuska a ƙasa, cikin yaɗon wake. Babura suka shiga gari suna zagaye. Ana dukan ƙofofin ƙarfe. Kaji suna kururuwa. Wani yana ihu yana tambayar ina matan garin suke. Sai warin hayaƙi, sai fashewar kara, na san rumbuna ne. Tururuwa ta hau ƙafar Nana. Na toshe mata baki da tafin hannuna har ta cije ni.

Goma da minti ashirin da biyar ƙarar babura ta koma gabashin gari. Usur ya yi uku. Muka tashi a duƙe muka ci gaba. Na ce wa raina daga kan amalanke yake busawa. Hanyar amalanke tana hagunmu, busar kuwa daga baya take zuwa. Kunnena ya ji haka. Ban tsaya ba.

Sha ɗaya saura ashirin, busa doguwa. Muka kwanta. Babura biyu suka bi gefen gona a hankali, kusa har na ji ɗayansu yana tari. Suka wuce. Sha ɗaya saura goma aka yi harbi biyu, ɗaya bayan ɗaya, daga wajen shinge. Muka zauna jiran busa uku. Rana ta hau bayanmu. Yara suka fara neman ruwa. Har sha ɗaya da rabi ba a busa ba. Ni ce na ce a tashi.

Da rana tsaka muka isa gulbi. Ruwa ya kai ƙirji a tsakiya. Na tsayar da kowa na ƙidaya, ina taɓa kai kamar yadda ya yi. Sittin da huɗu. Muka ƙuƙƙulla zannuwa muka yi igiya, dogayen mata suka shiga gaba, yara a wuya. Wannan ma shi ya koya mana, ran dariya. A ƙetare na sake ƙidayawa. Sittin da huɗu. Na yi hamdala. Har na ji wani daɗi, na ce zan kai masa lissafinsa cif, ya ga ƙanwarsa ba ta banza ba ce.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka tarar da amalanken a gindin wani gawo, sama da mashigi. Tsofaffin biyu suna kai. Liman yana kai, makaho yana kai, Hinda tana rungume da jaririnta. A baya, inda Yaya zai zauna ya miƙe ƙafa, akwai keken ɗinki, da batirin sola, da buhun sukari biyu.

Alhaji Tanko ya ce ya tsaya, Sarjan ne ya yi masa hannu ya wuce. Hinda ta ce amalanken bai ko bi ta bakin kafa ba. Ɗaya tsohuwar ta ce ya bi, ɗayar ta ce idonta a rufe yake. Liman ya sunkuyar da kai. Har yau ban san gaskiyar ba. Abin da na sani, kayan nan kafin harbi aka loda su, kuma wanda bayansa ke ciwo shi ya ɗaga su. Na tura keken ɗinkin ya faɗi a yashi. Na juya zan koma gulbi, mata huɗu suka riƙe ni. Hayaƙi yana tashi a kudu, baƙi, wuri uku.

Da la'asar muka shiga Gidan Rumji. Aka sauke mu a filin wata lakol, makarantar boko. Aka kawo ruwa da burodi. Wani ma'aikaci ya zo da littafi yana rubuta sunaye, ya tambayi waɗanda ba a gani ba. Na ba da sunan Yaya. Ya tambayi sana'arsa. Na ce soja. Wata 'yar garinmu, wadda Yaya ya taɓa kanta da hannunsa a bakin kafa da safen nan, ta leƙo ta ce ai ba ya aikin komai, gurgu ne. Ba da mugunta ta faɗa ba, gyara take yi wa mai rubutu. Na dube ta.

Maza suka iso dab da magariba, biyu-biyu, uku-uku. Sun yi tafiyar awa biyu a kan sawu. Sun tarar da shanun tara a wani kwari, ɗaure a jikin itace, ba kowa a wurin, har ciyawa an zuba musu. Suna kwance igiya suka ji harbi a bayansu. Suka juyo a guje. Da suka hango yawan babura suka kwanta cikin hatsi, ba abin da bindigar toka uku za ta yi. Ban ga laifinsu a kwanciyar ba, a fitar na gani. Isuhu ya ɗauki Nana ya riƙe. Bai iya haɗa ido da ni ba.

Washegari ƙarfe takwas sojoji suka raka maza gari. Aka ce mata su zauna. Na hau motar sojojin, ba wanda ya sauke ni.

Kafar shinge a rufe take, daga ciki. An mayar da zana, an jawo ƙaya an toshe. Ƙasar da ke gabanta, inda mutum sittin da huɗu suka tattaka, an share ta tas da reshe. Abin da ya rage a gefe shi ne sawun gwiwa ɗaya da tafin hannu biyu, ya ja jiki ya yi nisa da wurin. Mun sami Yaya taku ashirin daga kafar, zaune, ya jingina da katangar wani gida, inda yake ganin gari yana kuma ganin gefen gona. Ya riga ya cika. Usur yana wuyansa. Agogon kuwa maharan sun cire. Na tsaya ina kallon zanan. Da ƙafarsa, minti biyu ne, na gani da idona.

Kafin azahar aka yi masa sutura. Shugaban sojojin ya sa aka lulluɓa tuta a makara, ya ƙame ya sara masa. Babban ɗan mai gari ne ya riƙe gaban makarar, yana kuka. Alhaji Tanko ya kawo likkafani daga shagonsa, wanda bai ƙone ba. Kowa na cewa Sarjan, kowa na cewa jarumi. Wani ya ce a yi masa allo a ƙofar gari. Ranar ban ji Guntu a bakin kowa ba. Na so in tambaye su ko sai da ya mutu ƙafar ta tsiro. Ban tambaya ba, mace ba ta magana a wurin jana'iza. Na shiga gidana na sauke kaskon daga murhu. Gyaɗar ta zama gawayi.

Ba mu koma da zama ba. Muna Gidan Rumji, a gidan wata 'yar uwar Isuhu. Maza suna zuwa gona da safe su dawo kafin la'asar. Yanzu duk unguwar da 'yan garinmu suke akwai mai usur, kuma ba a dariya.

Kasuwa ta biyu bayan abin, na fita da ƙuli-ƙuli, domin yara sai sun ci. Ina wucewa badukun ya kira ni. Ya sauko da ƙafar daga bayan rumfa. Ya sa mata sabon maɗauri na jan fata, ɗinki biyu-biyu, ya shimfiɗa gashin tunkiya a ciki don kada ta goge masa cinya. Aiki mai kyau. Ya ce ya ji labari, ran da ya ji ya zauna ya yi. Ya ce ai bai ma ɗauke shi wuni ba, kafin azahar ya gama. Na naɗe ta a zanen da na kawo ta. Na ɗora a ka na ratsa kasuwa.

Shanu tara sun dawo, ba wadda ta yi ko ɗingishi. Rumbu goma sha ɗaya sun ƙone. Mu sittin da huɗu muna nan, da na kan amalanke, an yi sunan ɗan Hinda a filin lakol. Ƙafar tana jingine a ɗakin da muke kwana, da takalmin hagu a jikinta. Na daman an ba ni shi ran da aka yi masa wanka. Na ajiye su wuri ɗaya.